Tarihin Malam Kahal, Yaron Da Malamansa Suka Fid Da Rai A Kansa

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, a wannan fitowa ina so in ba ku tarihin wani malamin likita na ƙasar Sifen, wanda a ke kira Santiago Ramón y Cajal. Sunansa na ƙarshe, ko da ya ke haka a ke rubuta shi, Kahal a ke faɗi, saboda haka da Kahal zan riƙa kiransa. Ya rasu tun 1934, bai kuwa taɓa taka ƙasarmu ba, amma na zaɓe shi don dalili biyu. Na fari, yana yaro malamansa sun ɗauke shi daƙiƙi, ga shi kuwa mu aikinmu ke nan, hukunta ƙwaƙwalwar 'ya'yan mutane. Na biyu, shi ne ya buɗe ƙofar sanin yadda saƙo ke tafiya cikin ƙwaƙwalwa, da abin da ke samunsa in tsufa ya zo. Ba kuwa gidan da ba tsoho, mu ma can muka nufa in da kwana.

An haife shi ran 1 ga Mayu, 1852, a wani ƙauye mai suna Petilla, cikin duwatsun arewacin Sifen. Ubansa, Justo Ramón, likitan ƙauye ne wanda ya taso cikin talauci ya kai kansa ga ilmi da ƙyar, don haka ya zama mutum mai tsanani, ba ya son wasa. Shi kuwa yaron ba abin da ya ke so kamar zane. Duk bangon da ya samu sai ya zana doki ko mayaƙa, in ya rasa launi sai ya kankaro fentin bango ya jiƙa. Uban yana ganin wannan aikin banza ne, ya hana, yaro ya koma yi a ɓoye. Ga shi kuma da ƙiriniya ta gaske. Yana shekara 11 ya ƙera wata igwa da kututturen itace, ya ɗura mata albarushi, ya rushe ƙofar wani maƙwabci, har aka kulle shi a kurkukun gari kwana kaɗan, da yardar ubansa.

Makarantar da aka fara kai shi a garin Jaca, karatunta duk hadda ne. Shi kuwa ba shi da kan hadda, sai ya ga abu da idonsa tukuna ya ke zama masa. Aka yi ta dukansa, ana kulle shi a ɗaki, ana hana shi abinci, har ya koma gida a rame. Aka sake masa makaranta a Huesca, nan ma ba ta sake zani ba. Da uban ya gaji, sai ya danƙa shi ga wani wanzami ya koyi aski, daga baya kuma ga wani mai ɗinkin takalma. Da a ce a nan labarin ya tsaya, da ba wanda ya san shi sai masu kawo gyaran takalmi.

A cikin 1868 uban ya sake dabara. Ya ɗauki yaron suka tattaro ƙasusuwan mutane daga wata tsohuwar maƙabarta, ya shiga koya masa sunan kowane ƙashi da kowane rami da ke jikinsa. Yaro ya ɗauki fensir ya shiga zana su, sai ga shi abin da bulala ta kasa cusa masa cikin shekaru ya zauna cikin 'yan watanni. Uban ya ga ashe hannun nan da ya ke hanawa shi ne ƙofar kan yaron. Kahal ya shiga makarantar likita ta Zaragoza, ya fita a 1873. Aka ɗauke shi likitan soja, aka tura shi tsibirin Kuba a 1874, inda a ke yaƙi. Can zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kusa kashe shi, ya komo gida a 1875 ƙashi da rai. Da ɗan abin da ya tara na albashin soja ya sayi madubin likita a 1877, watau na'urar nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. A 1879 ya auri Silveria Fañanás, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ita ce ta riƙe gida da tsimi, shi kuwa yana zuba albashinsa cikin kayan bincike. Ya zama shehun malami a jami'ar Valencia a 1883, ya koma Barcelona a 1887, sa'an nan Madrid a 1892.

To, kafin in ci gaba, bari in bayyana muku matsalar da ta gagari masana na zamaninsa. Sun riga sun san jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Amma in an yanko ƙwaƙwalwa an sa a madubi, ba a ganin komai sai zare a cukurkuɗe. Galibinsu suka ɗauka jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe su ke gaba ɗaya kamar komar masunta, saƙo yana malala ciki ta ko'ina. Wani likita na Italiya, Camillo Golgi, ya gano wani rini na ruwan azurfa a 1873, wanda ke baƙanta ƙwayoyin jijiya ƙalilan cikin ɗari ya bar sauran fari, har a ga kowace da rassanta. Amma rinin yana da gardama, yau ya kama gobe ya ƙi, shi Golgi kansa kuwa ya tsaya a kan maganar koma.

A 1887 Kahal ya ga wannan rini a gidan wani likita a Madrid, Luis Simarro, ya koma gida ya duƙufa a kai. Ya gyara shi ta wajen tsoma naman sau biyu. Sa'an nan ya yi wata hikima: maimakon ƙwaƙwalwar babba, sai ya ɗauki ta 'yan tsaki da ta dabbobin da ba a haifa ba tukuna. Kowane manomi ya san wannan. Mai son ƙidaya shuka, kwana kaɗan bayan tsiro ya kan je gona, ba ya bari sai dawa ta rufe. Da ya duba, sai ya ga kowace ƙwayar jijiya gashin kanta ta ke ci. Tana da ciki, tana da gajerun rassa masu yawa, tana kuma da doguwar wutsiya guda. Ƙarshen wutsiyar ya kan je ya rungumi wata ƙwayar, amma ba ya narkewa cikinta. Ya kuma ga wasu 'yan ƙayoyi birjik a jikin rassan, waɗanda wasu suka ce dattin rini ne, shi ya ce halitta ce. Ya zana duk abin da ya gani da hannun nan nasa, ya sa 'yan kibau a zanen don nuna cewa saƙo ta rassa ya ke shiga, ta wutsiya ya ke fita.

Ya fara buga binciken nan a 1888, cikin wata mujalla da ya kafa da kuɗinsa. Ba wanda ya kula, domin manyan masana ba su jin Sifananci, ba su kuma zaton wani abin kirki zai fito daga Sifen. Saboda haka a watan Oktoba na 1889 ya tattara ɗan kuɗinsa ya tafi Balin, taron masana jikin mutum na Jamus. Ya kafa madubansa a kan tebur, ya je ya jawo babbansu, Albert von Kölliker, tsoho mai shekara 72, ya roƙe shi ya leƙa. Tsoho ya leƙa, ya gamsu, har ya shiga koyon Sifananci a wannan shekaru nasa don ya karanta takardun Kahal. Ina so ɗalibanmu su riƙe wannan: malamin kirki ba ya jin kunyar koyo daga na baya gare shi.

Daga nan sunansa ya bazu. A 1894 aka gayyace shi Landan ya yi lacca, inda ya kawo wata magana da ta shafe mu ƙwarai. A ganinsa, yawan aiki da hankali ba ya ƙara yawan ƙwayoyin jijiya, amma yana sa su yi sababbin rassa, su ƙulla sababbin mahaɗai. Watau koyo gini ne da a ke yi cikin kan yaro. A 1906 aka ba shi Kyautar Nobel tare da Golgi. A birnin Stockholm Golgi ya tashi ya soki ra'ayin Kahal a gaban jama'a, kashegari Kahal ya tashi ya jera hujjojinsa ba tare da zagi ba. A shekarar nan aka yi masa tayin ministan ilmi ya ƙi, amma daga 1907 har mutuwarsa ya shugabanci hukumar da ke aika samarin Sifen ƙasashen waje neman ilmi.

Sai dai bincikensa ya bar wata babbar tambaya. In akwai rata tsakanin ƙwaya da ƙwaya, yaya saƙo ke tsallakawa? Madubinsa ba shi da ƙarfin nuna ratar ma kanta. Tun yana da rai aka fara samun amsa. A 1921 wani malami a Graz ta ƙasar Ostiriya, Otto Loewi, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu. Ya motsa jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da ta ke ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma sai ta rage bugu. Ashe jijiya wani sinadari ta ke fesawa. An gane sinadarin nan shi ne asetilkolin, wanda Henry Dale na Ingila ya yi bincike mai yawa a kansa, su biyu kuwa suka sami Nobel a 1936.

Kahal ya bar aikin jami'a a 1922, yana da shekara 70. Matarsa ta rasu a 1930. Tsufa ya kama shi sosai: kunne ya yi nauyi, ido ya raunana, in ya daɗe yana magana sai kansa ya ɗauki ciwo, har ya bar zuwa wurin hira da abokansa. Maimakon ya ɓoye wannan, sai ya mai da kansa abin bincike. Ya rubuta littafi a kan yadda ɗan shekara tamanin ke ganin duniya, ya bayyana raunin gani da ji da mantuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba bayyana abin da ke ƙarƙashin madubi. A 1933 ya sake tattara dukan hujjojinsa a kan cewa ƙwayoyin jijiya a rarrabe su ke. Har kwanakinsa na ƙarshe yana rubutu a kan gado, yana amsa wasiƙun almajiransa. Ya rasu a Madrid ran 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82. Sai bayan shekara 20, a 1954, da aka sami madubin lantarki, aka ga ratar nan ƙuru-ƙuru, aka tabbata tsoho ya yi gaskiya.

Yanzu ga abin da magadansa suka gano, zan kwatanta shi da abin da muka sani a nan Gombe. Cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Cikin kowace ƙwaya, can tsakiya, nan ne masana'anta, nan a ke ƙera yawancin kayan aiki. Amma bakin wutsiya, inda a ke bukatar kayan, yana iya yin nisa ƙwarai. Akwai ƙwayar da cikinta ke gindin baya, wutsiyarta kuwa ta kai babban yatsan ƙafa, kusan mita guda. To, dattawanmu suna tuna 1963, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gombe, aka riƙa loda auduga da gyaɗa ana kai su kudu. Haka wutsiyar nan ta ke, akwai dogo shimfiɗe cikinta tun daga ciki har baki. Paul Weiss da abokin aikinsa suka fara nuna wannan a 1948, da suka ɗaure jijiya suka ga kaya sun taru a bayan ɗaurin. A 1985 aka gano kan jirgin da ke jan kaya zuwa baki, aka sa masa suna kainesin. Wani kuma, dainin, shi ke komowa da tsofaffin kaya don a narke su. Jigila mai sauri ta kan ci milimita 200 zuwa 400 a yini, watau kwana uku zuwa biyar kafin ta kai yatsa. Akwai kuma mai nawa, wadda ba ta wuce 'yan milimita a yini.

A bakin wutsiya dogo ya ƙare, sai kogi. Faɗin kogin nan bai fi kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ba, amma dole a yi fito, kamar yadda fatake ke tsayawa a bakin Gongola inda ba gada su jira kwalekwale. Sinadarin saƙo yana ƙunshe cikin 'yan jakunkuna, an jera su a bakin gaɓa. Da saƙo ya iso ta wutsiya kamar wutar lantarki, sai wasu ƙofofi su buɗe, gishirin kalsiyam ya shigo, jaka ta manne da bango ta fashe waje, ta zubar da abin da ke cikinta. Duk wannan bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Sinadarin ya haye, ya sami makama a ɗaya gaɓar, galibi a kan 'yan ƙayoyin nan da Kahal ya gani, ƙwaya ta biyu ta karɓi saƙo. Sa'an nan a share saura, a mai da jakar ciki, a sake cika ta. Bernard Katz ne ya nuna, a shekarun 1950, cewa ƙunshi ƙunshi sinadarin ke fita, ya sami Nobel a 1970. Waɗanda suka gano ƙugiyoyin da ke manna jakar da bango, James Rothman da Thomas Südhof, sun sami tasu a 2013 tare da Randy Schekman. Duk harafin da yaro ya koya a ajinku, ta wannan mashigi ya bi.

To, me tsufa ke yi wa wannan tsari? Da can an ɗauka ƙwayoyin ne ke mutuwa da yawa. Ƙidaya ta baya ta nuna cewa a tsufa mai lafiya yawancinsu suna nan da rai. Abin da ke raguwa shi ne mahaɗai da 'yan ƙayoyin nan, jigila ta kan yi nawa, kwasar shara ta kan yi rauni, wasu sinadarai kamar dofamin su kan ragu sannu sannu. Shi ya sa tsoho ya kan nemi suna ya rasa, can an jima ya faɗo masa. Kayan suna nan, jirgi ne ya makara. Wannan ba ciwo ba ne.

Ciwo dabam ya ke. A watan Nuwamba na 1906, wata guda kafin Kahal ya karɓi kyautarsa, wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da labarin wata mata da ta ruɗe tun tana 'yar shekara hamsin da kaɗan. Da ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta da rinin azurfa, ya ga wasu dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyi, da zare a murɗe cikinsu. Yau an san dunƙulen nan wani abu ne mai suna amiloyid, zaren kuwa tawu ne, wanda aikinsa riƙe dogo, kamar katakon da ke ƙarƙashin ƙarfen jirgi. In ya saki dogo ya dunƙule, hanya ta lalace, kaya ba su isa baki, mashigi ya mutu, daga baya ƙwayar ta bi shi. A 1976 aka gano cewa masu wannan ciwo asetilkolin ya ragu ƙwarai a ƙwaƙwalwarsu. Daga nan aka yi magunguna masu hana share shi da wuri. Suna ɗan sauƙaƙa abin, amma ba su warkarwa. Haka kuma ciwon makyarkyata da a ke kira Parkinson, mutuwar ƙwayoyin da ke fesa dofamin ke kawo shi. Ƙasarmu ma ta sa hannu cikin wannan ilmi. Shehun malami Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya rasu a 1995, shi da abokan aikinsa na Amurka suka fara wani bincike a 1992, suna gwada tsofaffin Ibadan da tsofaffin baƙar fata na birnin Indianapolis, aka tarar ciwon ya fi ƙaranci a Ibadan. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa irin zaman mutum da lafiyar jininsa suna da hannu a ciki.

Ni a ganina, abu uku ya kamata mu ɗauka daga wannan tarihi. Na ɗaya ga ɗalibanmu masu shirin fita koyarwa. Za ku tarar da yaro a bayan aji wanda hadda ba ta zama masa, yana ta zane a bangon littafi. Kafin ku kira shi daƙiƙi, ku gwada wata ƙofa: ku nuna masa abin, ku ba shi ya taɓa, ku sa shi ya zana. Malaman Jaca sun yi ta bugun ƙofa guda har suka gaji, alhali ga wata a buɗe.

Na biyu ga iyayenmu da kakanninmu. In tsohuwa ta fara ɓata a unguwar da ta yi shekara hamsin ciki, ko ta ƙi gane jikanta, ko ta riƙa fita da dare tana sambatu, kada a ce mayya ce, kada a ce asiri aka yi mata, kada yara su bi ta da jifa. Hanya ce ta lalace cikin kanta, ba da sonta ba. A kai ta asibiti, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari, domin akwai ruɗewar da ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo ko wani magani ke kawowa, irin wannan kuwa ana warkar da ita. In kuma ta zama wadda ba ta da magani ce, to, saura haƙuri da tsaro da magana mai taushi. Ku malamai ne, a ƙauyen da za a tura ku maganarku tana da nauyi, ku faɗi wannan.

Na uku ga kanmu. Masu bincike sun tarar hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin motsa jiki, da kurumtar da ba a kula da ita ba, da zaman kaɗaici, da ƙarancin karatu tun yarinta, duk suna ƙara haɗarin ruɗewar tsufa. Ku duba na ƙarshen nan da kyau. Ashe yarinyar da kuka riƙe a makaranta har ta gama, kun yi mata tanadin da za ta ci moriyarsa tana 'yar shekara saba'in. Mu kuma manya, mu riƙa auna jininmu, mu taka da ƙafa, kada mu ajiye littafi ran da muka ajiye alli. Kölliker ya koyi sabon harshe bayan ya haye saba'in, Kahal kuwa alƙalami na hannunsa har makon da ya bar duniya.

Zanen da ya yi da hannunsa, dubbai, suna nan ajiye a Madrid, har yanzu kuwa ana buga su cikin littattafan koyon likita. Duk ɗalibin da ke son ganinsu ya nemi babin jijiyoyi a littafin ilmin halittu, ko ya rubuta sunan Cajal a intanet. Ya dubi 'yan kibau ɗin nan da kyau, sa'an nan ya gwada zana ƙwaya guda a allo kafin ya fita koyarwa.